Ranar da Dada ta zo ɗaukar 'yata yaye

Shekarun baya, lokacin muna haya a unguwar Malam Inna a Gombe, ba wanda ya san ni a layinmu sai da yarinya a baya. In baƙo ya zo neman gidanmu, kwatancen da ake masa ke nan, gidan matar nan mai goyo. 'Yata ce ta fari, kuma tun da muka yi arba'in na ɗora ta a baya, ban cika sauke ta ba sai don nono ko wanka. Sallah ma in ta tashi rigima da ita nake yi.

Da ita nake girki, da ita nake shara, da ita nake shanya. Na koyi tuƙa tuwo a karkace don kada tururi ya same ta. In zan yi wanka sai in shimfiɗa mata zani a cikin baho, in ajiye ta a bakin ƙofar banɗaki, ina watsa ruwa ina mata surutu kamar wadda ta zautu. Gadon jarirai da maigidana ya sayo tun ina da ciki, da gidan sauronsa da komai, ya koma wurin tara kayan guga. A gefena take barci, hannunta cikin wuyan rigata, in na zare sai ta farka. Nono kuwa ba shi da lokaci, tana motsa baki zan ba ta, ko a cikin keke ne, sai in ja hijabi in rufe mu. Na zama gwana a kan zanen goyo: atamfar da ta sha wanki ta fi sabuwa riƙo, leshi santsi gare shi, tawul kuma a zafin Gombe ƙuraje yake feso wa yaro a wuya.

Matar mai gidan da muke haya ta ce in je wurin tela ya ɗinke mu wuri ɗaya kowa ya huta. Dangin maigidana suka ce zan sangarta yarinya, za ta yi ƙiwa. Ta kuwa yi, don ko ubanta sai ta ga dama take yarda da shi. Amma ba wannan ya fi damun manya ba. Mu Fulani ne, kakanninmu da shanunsu suka shigo gari, kuma a gidanmu ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ni kuwa a gaban surukaina nake kiran sunan 'yata, in sumbace ta, in yi mata rawa. Aka yi ta cewa boko ya cire min kunya.

Ba boko ba ne. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata, Dada muke ce mata, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, a kira mata Addarsu, wato yayarsu. Da aka tashi yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba a Dawaki, ban koma gidanmu ba sai da na gama firamare. Kakata ta riƙe ni da kyau, Allah Ya jiƙanta, amma Dada na tashi na san ta a matsayin wata mata da ke zuwa da ƙwaryar fura, ta gaida kowa, ta tafi ba ta kalli fuskata ba. Ƙannena duk sun san bayanta. Ni na sha zama in yi ta ƙoƙarin tuna ko ta taɓa goya ni, ban tuna komai. Tun ina budurwa na ƙudura a raina cewa in Allah Ya ba ni ɗa, ba wanda zai raba shi da jikina.

Yarinyar ta ɗan haura shekara sai na fara jin kasala da tashin zuciya. Ashe ciki ne. Ban gama shan mamaki ba na fara ganin jini. A asibiti likita ta ce in kwanta, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba goyo, kuma gara in rage shayarwa tun da jinin ya ƙi tsayawa. Tsofaffi su kuma suka taso da tasu, wai nonon ciki zai sa yarinya zawo ta lalace, a yaye ta yau-yau. Na ce na ji, amma ni zan yaye abata a hankali, ina rage mata kaɗan-kaɗan, tana gefena.

A baki abin da sauƙi. Yarinyar da ba ta san barci ba sai a baya, ina za ta gane wani likita? Sai ta jawo zanen goyo tana jan sa a ƙasa har bakin katifa, ta ɗora min a fuska, ta kama kafaɗata tana tura ni in juya. In na ƙi ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Maigidana, bawan Allah, ya ce shi zai goya ta. Na ɗaura masa, ya yi taku kaɗan zanin ya zame har ƙugu, don shi ba shi da abin da zai tare zani a ƙirji. Muka yi dariya, ita tana kuka. Da ya fita aiki sai in saci jiki in goya ta ta yi barci, in sauke, in shiga banɗaki in ga jini ya ƙaru.

Wata safiya Dada ta sauka daga keke, daga Manawashi inda suke zaune. Ta shigo ta zauna a bakin tabarma, ta gaisa da maigidana, sannan ta ce masa, ba ni ba, ta zo ɗaukar yarinya yaye. Ya juyo yana kallona, sai na gane da shi aka shirya. Ina kwance na tashi zaune. Ni da ban taɓa haɗa ido da Dada ba balle in mayar mata da magana, ranar bakina ya kuɓuce.

Na ce, "Dada, ba za a yi mata yadda aka yi min ba."

Maigidana ya sulale ya fita. Dada ta daɗe tana murza gefen mayafinta, tana kallon yarinyar da ke wasa da murfin kwano. Da ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa ta yi, kuma har lokacin ba ni take kallo ba.

Ta ce, "Ranar da aka ɗauke ki ba wanda ya tambaye ni. Tsohuwa ta zo ta kwance ki daga bayana, ni kuma ba halin in yi kuka a gaban mutane. Kullum in na ɗauki nono zan kai kasuwa sai in zaga ta Dawaki, in tsaya a bayan katangar gidan. Ina jin kukanki, rigata tana jiƙewa, ba halin in shiga. Ranar da na tsaya ban ji kukan ba, daga ranar na daina bin hanyar."

Ta gyara zama ta ƙara da cewa ita aro ta zo yi, ba ɗauka ba. Da na samu lafiya da kanta za ta dawo min da ita.

Shekara da shekaru ina ɗauke da abu a zuciya, ban taɓa kawowa a raina cewa ita ma tana ɗauke da nata ba. Na jawo tsohuwar atamfar da yarinyar ta fi so. Dada ta durƙusa, ni na ɗora mata 'yata a baya, ni na ja zanin na miƙa mata bakinsa. Ina yi ina zuba bayani kamar mai ba da amanar jaririn sarauniya: a fitar mata da hannu ɗaya waje, ba ta son a rufe mata kai, kunu sai ya huce sosai, in ta ƙi barci a shafa mata bayan kunne. Matar da ta raini yara da yawa ta tsaya tana gyaɗa kai har na gama. Yarinyar ta ɗauka yawo za a je, har tana ɗago min hannu. Sai da keke ya tashi na jiyo kukanta.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, ga zazzaɓi, ina gasawa da ruwan ɗumi ina ɗaurewa da zani. Bayana kuma sanyi nake ji a cikinsa, da rana tsaka, a garin da kowa ke neman inuwa. In na tashi zan sha ruwa sai in ga na sunkuya ina kai hannu baya don gyara goyon da babu. Dada ta hana in kira a waya, ta ce jin muryata zai mayar da aiki baya. Maigidana ke biyawa Manawashi in ya tashi daga aiki, yana shigowa tambayata ɗaya ce, tana kuka? In ya ce tana yi, in juya bango in yi nawa. Wata rana ya shigo da fara'arsa ya ce albishirinki, ta daina, har ta ci dakkere da nono tana wasa da 'yan awaki. Shi a ganinsa labari mai daɗi ya kawo. Ranar na fi kowace rana kuka, ya tsaya a kaina ya rasa laifin da ya yi.

Cikin kuma bai zauna ba. Duk kwanciyar da na yi, duk rabuwar, wani hantsi ya fita. Aka yi min wankin ciki, na dawo gida ba ciki ba goyo, sai gadon jarirai cike da kayan guga. Mutane suka yi ta zuwa jaje suna cewa Allah Ya ba da mai amfani. Ina amsawa da baki, amma raina yana Manawashi.

Da na ji ƙarfin jikina ban jira an dawo min da ita ba, na ninke zanen goyo na sa a jaka na hau keke. Na same su a tsakar gida, tana zaune a cinyar Dada ana ba ta fura da ludayi. Ta yi kumatu, an yi mata kitso. Ta ɗago ta kalle ni, kallo mai tsawo, sai ta juya ta cusa fuskarta a wuyan Dada. Na kira sunanta, ta ƙara ƙanƙame ta. Na durƙusa na juya mata baya, na bubbuga kamar yadda nake mata da, na ce zo ki hau. Na daɗe a durƙushe a gaban ƙannena da matan gidan, ba ta zo ba. Dada ta tura ta a hankali tana cewa, "Je ki wurinta mana." Ko a nan sunana bai fito ba.

Dada ta cika alkawari, har ta yi abin da a gidanmu ba a yi. Ta haɗa kayanta ta biyo mu Malam Inna, ta zauna a gidan suruki har yarinyar ta sake sabawa da ni, sannan wata rana ta zame ta tafi yarinyar tana barci. 'Yata ta dawo hannuna. Ta ci abincina, ta kwana a gefena, ta koma bina ɗaki-ɗaki. Amma ba ta ƙara jawo min zani ba, ba ta ƙara sa hannu a wuyan rigata ba. In na ɗora ta a baya sai ta yi ta zillo har in sauke ta.

Yanzu tana sakandare, ta kusa fi ni tsawo, muna hira muna faɗa kamar kowace uwa da 'ya. Ba ta tuna komai a cikin wannan labarin. Sai dai har Dada ta bar duniya, in yarinyar ta yi zazzaɓi ita take kira, ba ni ba. Masu sababbin jarirai da ke bibiyata sukan tambaye ni ko yawan goyo na ɓata yaro. Ni dai nawa bai ɓata kowa ba. Abin da na sani shi ne ban san ranar da na yi goyon ƙarshe cewa shi ne na ƙarshe ba, a sace na yi shi, ina sauri ta yi barci in sauke. Ba na ganin laifin Dada, ba na ganin nawa. Amma abin bai daina min ciwo ba.

A ciwon Dada na ajali, akwai ranar da za mu kai ta asibiti, ruwan sama ya zaizaye lungunsu keke ya kasa shigowa, kuma mazan gidan duk sun fita. Na durƙusa, ƙanwata ta ɗora min ita ta ɗaure mu da zani. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna tafiya ta zura hannu cikin wuyan rigata ta riƙe, ta kwantar da kumatunta a kafaɗata. Mun kusa bakin titi na ji ta ce, "Bayanki da ɗumi." Ba ta ƙara komai ba, kuma har Allah Ya karɓi abarSa ban ji sunana a bakinta ba.

Ita dai ta tafi ta san ɗumin bayana. Nata ne har yau nake zama in yi ta ƙoƙarin tunawa, ban iya ba.