Tazarar da Baffa Ke Bar wa Bawul

Jiya wata tsohuwar lori ta wuce ni a unguwar Misfala, nan Makka, injinta na ƙas-ƙas, sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya faɗo mini a rai. Bakanike ne. Yakan kafa sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido yana sauraron bawul, ƙarafan nan da ke buɗe wa inji hanyar numfashi.

Shekarar da na fara tuƙa alhazai zuwa Arfa, irin ƙarar nan ta ishe ni a motata, na ɗaure bawulolin tamau har injin ya yi shiru. Na kira shi ina taƙama.

Ya saurara, ya ɓata rai. "Kai ɗan nan, a zafin Makka ƙarfe kumbura yake yi. In bai sami wuri ba sai ya ƙone, ka zube bayin Allah a hanya da haraminsu."

Ya sassauta su ɗaya bayan ɗaya, yana zura reza yana gwada tazarar, yatsunsa na warin baƙin mai. Da ƙas-ƙas ɗinmu muka isa Arfa kafin azahar.

Baffa, ko ƙarfe ba ka yarda a matse shi ba. Allah ya yalwata maka kabarinka.