Na Rantse Ruwa Bai Taɓa Wayata Ba

A lokacin da abin nan ya faru, ni mutum ne da bai yarda da kowa ba. Daga Borno muka zo Gombe, a shekarun da ake ƙone garuruwa. Ban yi makaranta ba, wannan ma da baki na faɗa aka rubuta mini. Mu shida muka fito daga gida, mu biyar muka iso: ni, matata, 'ya'yana biyu da mahaifiyata. Ƙanena ya ɓace mana ranar da muka watse a daji, kuma babu wanda ya ga gawarsa. Na samu gadin wani gida da ba a gama ginawa ba a Tumfure, a ciki muke zaune, da rana kuma ina dako a Kasuwar Gombe. Kafin mu gudo na ga maƙwabcin da muke cin abinci tare ya nuna gidan mutane da yatsa. Da wannan zuciyar nake kallon duk wanda ya yi mini murmushi.

Ƙanena ya haddace lambata. Saboda haka ban taɓa canza layi ba, ban kuma yarda waya ta kwana a kashe ba. Da tsohuwar ta gaji, na daure na sayi sabuwa a wani shago kusa da kasuwa. Suka ba ni rasit da takardar garanti, suka ce idan ta lalace cikin shekara ɗaya ba da laifina ba, za su gyara ko su canza. Na sa aka karanta mini takardar sau biyu, na naɗe ta a leda. Wata huɗu wayar ta yi. Da farko murya ta fara fita da ƙyar, sai fuskarta ta riƙa yin duhu-duhu, wata safiya kuma ta ƙi tashi. Na sa layin a wayar matata, na ɗauki takardata na nufi shagon.

Mai gyaran shagon magidanci ne, Bafulatani ɗan Gombe, mai yawan raha. Ya karɓi wayar ya shiga da ita ɗakin ciki, ya ce zai gwada caji. Bai daɗe ba ya fito, ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini wani ɗan tabo ja a ciki. Ya ce tabon fari yake zuwa daga kamfani, ruwa ne kawai ke mayar da shi ja, kuma garanti ba ya ɗaukar abin da ruwa ya ɓata. Da ya ji harshena ya gane Babarbare ne ni, sai ya yi dariya ya kira ni bawansa, ya tambaye ni ko da wayar nake wanka, ko kuwa na ɗauka ita ma tana shan shayi. Na san wasan Fulani da Barebari, tun ina yaro ake yinsa. A gida da na rama, in ce masa ina shi ina waya, ya koma ya ji da shanunsa. Amma ranar ban ji wasa ba. Na ji mutum mai gari yana yi wa ɗan gudun hijira dariya. Na lura kuma da buta a bakin ɗakin da ya shiga da wayata, kuma hannunsa da ɗan danshi.

Na ce masa shi ya zuba mata ruwa. Ya daina dariya. Ya ce in ji tsoron Allah, alwala ya yi, kuma tsatsar da ke cikin wayar ba ta yau ba ce, ya juya ta yana nuna mini. Ban duba ba. Na ce na san irinsu, ɓarayi masu ba da rasit. Ya ce idan na yarda zai wanke mini ita ya gwada tayar da ita kyauta, don zumunci. Wannan ya ƙara mini zargi, don a ganina marar laifi ba ya tayin kyauta. Na karɓe wayata na fita. A kasuwa abokan dakona suka ƙara zuga ni. Wani ya ce haka suke yi wa baƙi, wani ya ce an taɓa yi wa ɗan'uwansa. Ban tambayi ko a wane shago ba.

A gida na tsare matata. Na tambaye ta ko wayar ta taɓa faɗawa a ruwa, ko yara sun taɓa wasa da ita. Ta ce ita ko ɗauka ba ta yi sai na miƙa mata, yara kuwa tsoron wayar suke kamar wuta. Gaskiya ta faɗa. Inna, mahaifiyata, tana zaune a gefe da carbinta, ba ta ji abin da muke cewa ba, kunnenta ya yi nauyi. Ban tambaye ta ba. Ba a tsare uwa da tambaya, kuma tsohuwa ce da ko kira ba ta iya amsawa sai an danna mata. Na yi ta lissafi a raina: ban shiga ruwan sama da ita ba, ba na alwala tana aljihun gaba, ba na ajiye ta kusa da randa. Na gama da kaina cewa ni aka zalunta.

Na kai ƙara wurin dattawan 'yan kasuwa. Suka kira mai shagon, wani Alhaji da ba ya zama a shagon sosai, tare da mai gyaran. Aka zauna a rumfar shugaba, mutane suka taru. Mai gyaran ya yi bayaninsa a hankali, ya ce shekarunsa da yawa a wannan aiki, tabon nan ba ya ƙarya. Ni ba ni da dogon bayani. Na ce a kawo Alƙur'ani. Shugaban ya ce in yi haƙuri, waya ba ta kai nan ba, a yi sulhu. Na ce ban zo sulhu ba. Na yi alwala, na dafa, na rantse cewa tun ranar da na sayi wayar nan ruwa bai taɓa ta ba, ko a hannuna ko a gidana. Sai na ce shi ma ya dafa. Ya ƙi. Ya ce shi ba ya dafa littafin Allah a kan waya, ko da za a yanka shi. Na juya na kalli jama'a, na ga sun fara gyaɗa kai.

Alhajin ya duba taron, ya duba sunan shagonsa. Ya ce tunda na rantse, magana ta ƙare. Ya sa aka kawo mini sabuwar waya a kwalinta, ya kuma ce wa mai gyaran, a gaban kowa, ya kwashe kayan aikinsa. Mutumin bai yi gardama ba. Da zai wuce ta gabana ya tsaya, ya ce shi bai ce na yi ƙarya ba, amma in koma gida in bincika da kyau. Na ɗauki wannan ma a matsayin rashin kunya. Na hau keke zuwa Tumfure ina jin na ƙwaci haƙƙina, karo na farko tun da muka bar gida.

A wancan lokacin ana caje mutum a ƙofar masallacin Juma'a, ana kuma kallon Babarbare mai waya a hannu da wani ido. Don haka kowace Juma'a nakan bar wa Inna wayar, ita ma tana so ta zauna kusa da ita ko ɗanta zai kira. Wannan bai taɓa shiga lissafina ba, don a wurina barin abu a hannun uwa daidai yake da barinsa a aljihuna. Mako uku da samun sabuwar, na fita masallaci, na tarar an tare hanya, na juyo da wuri. Na same ta a tsakar gida, wayar a cinyarta, ga ɗan kwano a gefe da baƙin ruwa a ciki. Tana tsoma yatsa tana ɗiga shi a ramukan da murya ke fitowa, tana shafe sauran a jikin wayar, bakinta yana motsi.

Na tambaye ta abin da take yi. Ta amsa ba tare da tsoro ba, don ba ta ga laifi a ciki ba. Ta ce rubutu ne, wani malamin garinmu da shi ma ya gudo yake yi mata kowane mako saboda ƙanena. An ce ta sha ta shafa a fuska, ita kuwa ta ga ta wayar nan muryarsa za ta shigo, sai take rage mata. Na ce tsohuwar wayar ma ta yi mata? Ta ce tun makon da na kawo ta, ba ta taɓa fashi ba. Ta ƙara da cewa kada in hana ta, shi ne kaɗai abin da ya rage da take iya yi wa ɗanta. Na karɓi wayar na goge da rigata. Ban yi mata faɗa ba. Ban kuma gaya mata rantsuwar da na yi ba, har Allah ya ɗauki ranta ba ta sani ba.

Na je wurin wani malami na faɗa masa komai. Ya ce tunda na rantse ina zaton gaskiya nake faɗa, babu kaffara a kaina, amma haƙƙin mutumin yana nan, kuma shi kaɗai ke iya yafe shi. Washegari na mayar wa Alhajin wayarsa. Ya karɓa, ya ce Allah ya yi mini albarka, amma ya riga ya ɗauki wani, kuma ba zai mayar da wanda kasuwa ta yi wa tambarin zuba wa wayoyi ruwa ba. Na je wurin shugaba na ce a tara mutane in janye maganata. Ranar rantsuwa rumfar ba ta ɗauke mu ba. Ranar janyewa mu bakwai ne, har da ni.

Sai bayan wata biyu na gano inda yake. A bakin titin Arawa, ƙarƙashin lema, da ɗan tebur da kayan gyara, babu shago. Na tsuguna na faɗa masa duka, har da kwanon. Ya saurara yana aikinsa bai ɗago ba. Da na gama ya ce Allah ya bayyana ƙanena, ya ce tsohuwa ba ta da laifi. Na ce ni fa? Ya ce ya yafe, amma kada in zo ina tsuguna masa a nan, mutane za su tambayi dalili, shi kuma ya gaji da ba da labarin. Ya kira ni malam, bai ce bawansa ba. Na tashi na tafi. Har yau a ƙarƙashin lemar yake, yana da 'ya'ya biyar.

Abin da zan gaya wa mai karatu kaɗan ne. Wahalar da ka sha ba ta mayar da kai mai gaskiya. Ni an zalunce ni a garinmu, na zo garin da ya karɓe ni na zalunci wanda bai yi mini komai ba. Idan mai sana'a ya nuna maka abu a cikin kayanka, ka duba kafin ka buɗe baki. Idan za ka bincika gidanka, ka tambayi kowa, har wanda kake jin nauyinsa. Kuma kada ka dafa Alƙur'ani a kan abin da ya faru ba ka nan. Ni na dafa, aka ce ba ni da kaffara, kuma wani ne yake zaune a rana a madadina.