Ranar da baburanmu biyu suka mutu a Montreuil

Shekarun baya ne wannan, wata Lahadi da hantsi. Muna tsaye a bayan gidan ma'aikatan nan na Montreuil da ake ce wa fwaye, babura biyu a gabanmu, duka a mace. Nawa dama tun jiya ya ƙi tashi. Na abokina kuwa lafiyarsa lau da safe, mu muka kashe shi da hannunmu. Ya danna maɓalli, wata 'yar jar wuta mai siffar makulli ta yi ta ƙyaftawa. Ya sake dannawa. Shiru.

Ya juya wajen kawuna, ya ce, "Kawu, mi kuka yi mishi?"

Kawu ya goge hannu da tsumma. "Ba mu yi mishi komi ba, ɗana. Kayanshi muka maida mishi."

"To don mi bai tashi?"

Babu wanda ya amsa. Kuma duk mun san gobe Litinin da sassafe ana jiran abokina wurin aiki a Lyon.

Ga yadda muka kai nan. Ni da abokina a Minguettes muka tashi, bene ɗaya. Ni na bar lakwal da wuri, na yi wankin mota, na yi kasuwa, na yi gini, ba inda na daɗe. Lokacin ina kai fiza da babur. Shi kuwa mutum ne mai natsuwa. Ya samu sabon aiki, yana ɗaukar jinin gwaji daga asibitoci ya kai laboratuwar, da baburinsa na kansa, kuma yana cikin watannin gwaji, waɗanda patron zai iya sallamar ka ba tare da dogon bayani ba. Baburanmu iri ɗaya ne sak, don nasa na gani na sayi nawa.

Ni na ja shi Paris. Ƙungiyar 'yan babur ta kira babbar zanga-zanga ran Asabar, na ce mu je. In gaya muku gaskiya, ban san abin da suke nema ba. Na ga bidiyo ne, babura sun cika titi, hayaƙi da oda, na ce ba za a yi ba ni ba. Patron ɗinsa ya nemi ya yi aiki ran Asabar ɗin, ya ce yana da tafiya. Mutumin bai ji daɗi ba, ya ce masa to Litinin kar a ji labari.

Zanga-zangar ta yi daɗi, ba ƙarya. A tsakiyarta nawa ya fara tari, ya mutu. Wata dattijuwa Bafaranshiya 'yar ƙungiyar, gashinta fari tas cikin rigar fata, ta taya ni tura shi gefe. Ta ba ni lambarta, ta ce in ya gagara in kira. Na ce, "Merci madame, ina da bakanike a gida." Muka lallaɓa shi har Montreuil wurin kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Kafin ya zo Faransa ya yi shekaru yana gyaran babura a Damagaram, a nan kuma tsaron shago yake, amma duk wanda kekensa ko mashin ɗinsa ya samu matsala a fwaye, shi ake nema. Da safe ya duba mai, ya duba fulogi, ya duba batir. Sai ya nuna wani ɗan baƙin akwati ƙarƙashin kujera, wanda shi ne kwamfutar babur ɗin.

"Wannan nike zargi. Amma ga tagwanshi nan tsaye. A ciro na mai lahiya a sa ma maras lahiya. In ya tashi mun gane ciwon."

Duk wanda ya taɓa zama garejin gida ya san haka ake yi. Ba ka sayen kaya da ka, sai ka ara na maƙwabci ka gwada. Tsofaffin da suka fito shan shayi suka ce ƙwarai kuwa. Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shigo da atamfa ya ce shi ma haka aka gano ciwon motarsa a Kano. Abokina ya ɗan yi jim, ya ce, "Ba matsala dai?" Kawu ya ce, "Tun ba a haihe ka ba nike yin haka."

Muka musanya. Nawa bai tashi ba. Muka gwada, muka sake gwadawa, Alhaji yana cewa a ƙara ɗaya. Da muka gaji muka mayar wa kowa nasa. Shi ke nan jar wutar nan ta fito a duka biyun.

Na kira dattijuwar. Ta zo da rana da 'yar motar kaya, ta saurari kawu har ya gama, ni ina fassara. Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwatin an ɗaura shi ne da makullin babur ɗinsa tun daga kamfani. Da ya ga baƙon makulli ana ta matsa masa, sai ya ɗauka ɓarayi ne, ya kulle kansa. Babu abin da ya ƙone. Buɗewa kawai za a yi, amma da wata na'ura da suke kira baliz, da lambobin sirri, kuma dillalin kamfanin kaɗai ke da su.

Kawu ya ce, "Tambaye ta, ƙaramin gareji fa?"

Ta ce ƙananan gareji sun iya aikin sarai, ba a ba su lambobin ba ne. Sai ta dube ni. "Jiya kana cikinmu. Me kake tsammani muke nema?"

Na ce, "Haƙƙin 'yan babur."

"Wane?"

Na yi shiru ina sosa ƙeya. Alhaji ya ce da Hausa, "Ya tafi busa oda ne, Hajiya." Kowa ya fashe da dariya ban da abokina.

Ta ce abu biyu ne. Ɗaya, a yi doka ta tilasta wa kamfanoni su buɗe wa mai babur da bakaniken da ya zaɓa bayanan gyara, tunda ka saya naka ne. Biyu, a daina korar tsofaffin babura daga cikin gari ba tare da duba halin masu aiki da su ba. Na fassara wa kawu. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Wato ya saya, amma makullin ciki na hannunsu."

Dillalan babur ba sa buɗewa Lahadi, yawancinsu har Litinin. Masu ba da haya ma a rufe. Ta yi ta kiran 'yan ƙungiya, kowa ya ce sai dillali. Kawu ya shiga ciki ya turo tsohon baburinsa, wanda shi ya haɗa shi da hannunsa, bugu ɗaya ya tashi. Ya ce abokina ya hau ya tafi. Dattijuwar ta duba gabansa ta girgiza kai. Ba shi da tambarin hayaƙin da ake shiga tsakiyar Lyon da shi, kuma asibitocin duk a tsakiya suke. Sabon an hana mu gyarawa, tsohon an hana mu hawa.

Abokina ya matsa gefe ya kira patron. Ban ji mutumin ba, nasa kawai na ji: "Oui monsieur. Na gane. Oui." Ya dawo ya ɗauki hular kwanonsa. Na ce yaya? Ya ce, "Laisse tomber." Kawu ya fara ba shi haƙuri, ya ce, "Kawu, ba komi, ni na yarda." Ya miƙo mini makulli, ya tafi ya hau bas ɗin Lyon. An ba wani aikin a makon.

Ni na tsaya a fwaye. Dattijuwar ta kai mana baburan wurin dillali da motarta, aka ba mu randebu, muka yi ta jira. Ran da aka zo kanmu, wani saurayi ya jona baliz, ya danna nan ya danna can. Ko shayi ban gama sha ba na abokina ya tashi. Nawa kuwa, ashe wata 'yar waya ce ta saki. Na'urar ce ta nuna ta. Kawu da ya ji haka bai ce komai ba, kuma tun daga nan ba ya taɓa sabon babur, ko an roƙe shi.

Yanzu ina zuwa taron ƙungiyar a Lyon. Ba kullum ba, kun san ni da zama wuri ɗaya. Amma in an tambaye ni me muke nema, ina da amsa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba wanda ya yi mugunta ran nan. Mutum ya yi aikin da ya iya, yadda aka koya masa, sai ƙarfe ya kira shi ɓarawo. Ni da abokina mun shirya tuni, har yana tsokana ta da ɗan oda.

Ran da na karɓo baburan, a bakin shagon dillalin na tsaya na rubuta masa saƙo, don na san in na kira ba zai ɗauka ba:

"Frère, naka ya tashi, ba abin da ya same shi. Jibi zan kawo ma shi. Na yi magana da mai fiza, ya ce ka zo Litinin ka karɓi wurina. Ba aikin asibiti ba ne, amma aiki ne. Kar ka ce a'a, na riga na gaya mishi na bari."