Dokin Waya da Bunsurun Jego

Mun tashi da asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da maigidana da yayana. Duk wanda ya san ni a Kafanchan ya san ba na zuwa ko'ina. Daga gida sai coci, daga coci sai kasuwa, in na daɗe a waje ma kaina ciwo yake. Wannan karon bunsuruna ne ya fitar da ni, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Tun da maigida ya yi ritaya daga reluwe, shi da tsofaffin abokan aikinsa, har da yayana, suka shiga wani wasa a waya. Kowa zai zaɓi dawakan tsere da ke can ƙasar Turawa, a ce nasa ne. Ba ka saya ba, ba ka ba su dusa, ba ka kwashe kashinsu, su ma ba su san kana duniya ba. In doki ya yi gudu da kyau, sai a ba ka maki. An yi mini bayanin nan har an gaji, ni dai har yau ban ga inda dokin ya zama naka ba. Abin da na gane ɗaya ne: wanda ya zo na ƙarshe a shekara, shi zai yanka wa sauran dabba. Maigida ne na ƙarshe, yayana na samansa kaɗan. Dabba kuwa ɗaya ce a gidanmu, bunsurun da nake kiwo da hannuna saboda 'yarmu da ke da cikin fari, in ta sauka in yi mata farfesun jego.

Tsere ɗaya ya rage, na 'yan dawakan da ba su taɓa gudu ba. Tun da ba wanda ya ga gudunsu, da asali ake zaɓe: waye ubansa, waye kakansa. Yaya ya riga ya zaɓi nasa, ɗan wani shahararren doki, yana ta bugun ƙirji cewa ba mai kama shi. Da na je na yi masa kuka, sai ya ce ya san wani dattijon Bafillace a wajen Kagoma da ya yi aikin kula da dawakan tsere a Kaduna yana saurayi. Ya ce mu je dattijon ya duba wa maigida dokin da zai zaɓa.

Motar Kagoma ta cika har an ɗora mini kwandon kajin wata mata a cinya. Kuɗin mota ya tashi sosai tun rabona da hanyar, na yi mita, direba ya ce in je in tambayi masu mai. Amma hanyar ta yi kyau a ido. Damina na ƙarewa, dawa ta sunkuyar da kai, gonakin citta kore shar ta kowane gefe. A Kagoma muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa mai zafi. Doyar da na gani a bakin titi, manya-manya, da araha har raina ya ɓaci da masu sayar mana a gari. Na so in saya, maigida ya ce ba doya ta kawo mu ba.

Muka hau mashin muka shiga daji. Yaya na gaba yana nuna hanya kamar jiya ya zo. Da muka isa wurin, babu bukka, babu saniya, sai gonar wake da ta yi kyau saboda taki. Wata mata da ke tsinkar ganye ta dube mu ta yi dariya.

"Baba ɗin nan kuke nema? Ai ya tashi tun ruwan fari. Yana bayan Madakiya. Ku ba ku san mai shanu ba ya zama wuri ɗaya ba?"

Na juya na kalli Yaya. Ya ce bara dai a nan ya gan shi.

Wanda bai san ƙasarmu ba, daga Kagoma in za ka Madakiya sai ka komo ta Kafanchan. Haka muka wuce ta bakin layinmu rana ta ɗaga, ina hango rufin gidana ta tagar mota. Na ce a sauke ni in duba ko an ba bunsuru ruwa, suka ce in na shiga gidan nan ba zan sake fitowa ba. Ba su yi ƙarya ba.

A Madakiya muka ci gwaten acca a wata rumfa, mai yakuwa da yawa yadda nake so. 'Yan acaɓa suka yi ta gardama a kan wace ruga ce, har wani ya ce ya san dattijon mai maganar doki. Hanyar ba hanya ba ce, sawun shanu ne. A bakin wani rafi aka sauke mu, na cire takalmi, na tattare zani, na tsallaka ina kiran sunan Yesu. Maigida kuwa wayarsa ya ɗaga sama kamar jariri.

Mutanen rugar sun karɓe mu kamar sun san da zuwanmu. Aka shimfiɗa tabarma, matar gidan ta kawo kindirmo mai sanyi da ludayi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da yara da gajiya, aka sake tambaya. Sai da muka sha muka ƙoshi maigida ya fara bayani. Dattijon ya saurara yana shafa gemu.

"To ina dawakan naka?"

"Suna cikin waya, Baffa."

"Wa ke ba su ruwa?"

"Masu su."

"Aro aka ba ka ke nan. Mu ma muna yi, ka ba ɗan'uwa saniya ya riƙe har ta haihu."

"A'a, ba aro ba ne."

"Mai dokin ya san da kai?"

"Bai sani ba."

Dattijon ya juya ya yi wa matarsa magana da Fillanci. Ba na jin yaren, amma na san sautin matar da ke danne dariya. Wallahi raina ya yi sanyi, ashe ba ni kaɗai ce ban gane ba.

Da aka zo nuna hotuna, waya ta ƙi. Babu sabis a rugar, sai a kan wani dutse da ke bayan garke. Muka hau, har da ni, ina rarrafe ina haki, don ba zan zauna a ƙasa ana yanke wa bunsuruna hukunci a sama ba. Hotuna suka buɗe. Dattijon ya kawo wayar kusa da hancinsa, ya ce a sa dokin ya taka ya ga ƙafarsa. Aka ce hoto ne, ba ya motsi. Ya ce a buɗe bakinsa. Aka ce ba ya buɗuwa. Ya mayar da wayar.

Maigida ya shiga karanta asali, sunaye dogaye kamar na maganin asibiti. Wannan ubansa ya ci kaza, wancan kakansa ya ci kaza. Can dattijon ya tsayar da shi, ya ce kamar ya ji sunan uba ɗaya sau biyu. Maigida ya ce haka ne, babban doki ne, 'ya'yansa birjik a ko'ina. Dattijon ya ce to in kowa ɗansa ne, me sunan nasa ya gaya maka? Ya nuna garkensa da sanda. Su a wurinsu, in ji shi, ta uwa ake lissafa saniya. Waccan jar, ita da uwarta da kakarta, duk su ne ke fara shiga ruwa in za a ƙetare kogi. Bijimi baƙo ne, yau yana nan, gobe an sayar. Ya ce a karanta masa iyaye mata.

Ashe maigida bai taɓa duba wannan ɓangaren ba. Ya yi ta jan waya ƙasa har ya samo su. A ciki akwai wani ɗan doki da ubansa ba kowa ba ne, amma uwarsa ta haifi masu gudu kafin shi.

"In da saniya ce, wannan zan ɗauka," in ji dattijon. "Amma doki ne, kuma ban ga tafiyarsa ba."

"Zai ci, Baffa?"

"Wannan sai Allah."

Na kasa haƙuri na ce, "Baffa, bunsuruna fa?" Ya tambaye ni shi ma a waya yake? Na ce a'a, wannan yana cin dusa. Ya ce to madalla, a cikinmu ni ce mai dabba. Maigida ya danna dokin, muka sauko. Matar gidan ta cika mini kwalba da man shanu, ta ce na mai jego ne. Mun iso gida da magariba, ƙafafuna sun kumbura.

Ranar Asabar tsofaffin suka taru ƙarƙashin mangwaron gidanmu, kawuna a haɗe a kan waya ɗaya. Dawakan duk jajaye ne, Baturen da ke magana kuma kamar ana binsa da bulala. Kafin in tambayi wanne ne namu, an gama. Namu bai ci ba, a tsakiya ya zo. Na fara share hawaye sai na ji maigida na ihu. Ashe dokin Yaya ko fitowa bai yi ba. Wai an yi ruwa a can, ƙasa ta yi laushi, mai shi ya ce ba zai gudu ba. Wanda ya zo tsakiya ya samu ɗan maki, wanda bai fito ba bai samu komai ba. Maigida ya haye, Yaya ya koma ƙarshe. Na yi rawa a tsakar gida, na ƙara wa bunsuru dusa har ya bari.

Washegari bayan sujada Yaya ya shigo, hula a hannu. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin girki, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni. Tun da matarsa ta rasu ko kaza ba ya kiwo, kuma shi ya riƙe ni bayan iyayenmu har ya aurar da ni.

"Ƙanwata," ya ce, "kin san ba ni da kowa sai ke. Kar a yi mini dariya a cikin mutane."

Me zan ce? Ni da kaina na kwance igiyar na miƙa masa. Ya yi alkawarin kawo wani kafin yarinyar ta sauka, ina nan ina jira, cikinta kuma ya tsufa.

Tafiyar ta koya mini abubuwa. Kafin ka hau mota neman mai shanu, ka tambayi inda ya kwana jiya. Doyar Kagoma ta fi tamu araha. Akwai mutanen kirki a bayan rafin nan da ban taɓa sani ba, ga su kusa da ni. Wasan dawakai kuwa har yanzu ban gane shi ba, sai wuri ɗaya: in mijinki da yayanki suna ƙasan layi, ko wanne ya faɗi, turkenki za a zo. Maigida ya dawo daga cin naman da cinya a leda, wai rabon gidanmu. Na dafa, na zuba a kwano, na kai wa 'yata tun kafin ta haihu.