Baba Ya Tafi Ba a Saki Ɗan Ƙarfe Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba, mahaifin maigidana, a ɗakinsa, bayan jinyar sati uku. Na shiga da ruwan zafi na tarar Inna, matarsa, ta riƙe hannunsa. Na daɗe a tsaye da buta a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.

Baba, ni ce amaryar gidanka, wata bakwai kawai na yi a cikinku. Akwai waɗanda suka fi ni saninka da shekara arba'in, su ya kamata su yi wannan rubutu. Amma ka bar min wata magana da ta yi min nauyi, na kasa faɗinta da baki a gaban manya. Shi ya sa na roƙi ɗanka ya saka wannan a zaurenku na waya, abokanka su karanta da kansu.

Tun satin da na tare na ga duk Asabar bayan la'asar mutum uku suna zuwa wurinka, Baba Tela da Baba Direba da Malam mai koyar da lissafi. Ku shiga falo ku ja labule. Ni ke kawo shayi. Ran nan ina ajiye tire na ji ka ɗaga hannu ka ce, “Allah ya sa bana a saki Ɗan Ƙarfe.” Duk suka shafa. Baba Tela ya ce, “'Yan uwansa duk an sake su, shi kaɗai suka riƙe.” Malam ya ce, “An ce a wani ɗaki mai sanyi yake a ƙarƙashin ƙasa. In aka ƙara daɗewa lalacewa zai yi.”

Na ja jiki na fita. Na ce ashe akwai ɗan gidan nan a kurkuku, kunya ce ta hana a faɗa min. Ban tambayi kowa ba. Wata biyu ina sa shi a addu'a bayan kowace salla, har azumin Litinin da Alhamis na yi masa. Da abin ya ishe ni sai na zuba abinci a kula na miƙa wa maigidana, na ce in ana barin kai abinci a kai wa yayansa. Ya ce, “Wane yayan nawa?” Na ce, “Ɗan Ƙarfe mana.” Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Inna ta fito ta ji, ita ma ta dafa bango. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kai kaɗai ne ka danne taka dariyar. Ka ce, “Ku ƙyale min 'yata. Shekara talatin muna rubuta wasiƙa, a cikinmu wa ya taɓa yi masa azumi? A sa mata kujera.”

Ranar na san fim ne. Wani tsohon fim, a kaset baƙi mai kaurin bulo, da wata na'ura da sai ka mare ta a gefe take tashi. Wani jirgi ne yake yawo a tsakanin taurari, mutanen ciki da riguna masu ƙyalli kamar takardar cikin kwalin shayi. Ba na jin yarensu, kai kake fassara min a hankali. Ɗan Ƙarfe mutum ne da aka ƙera, shi ke gadin ƙofar jirgin. Matuƙiyar ta fita gyara, ta kwaso wata cuta, iskar da take shaƙa ta kusa ƙarewa. In ya buɗe mata, mutum arba'in na ciki za su kamu. In ya ƙi, ta mutu a waje. Ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar, sai hoton ya koma yayyafi.

Na ce, “An ɗauke wuta ne?” Ka ce, “An ɗauke, amma tun kafin a haife ki.” Ashe Baba Direba ne ya naɗa daga talabijin, wuta ta tafi saura minti goma, ba a kuma sake nuna shi ba.

Daga nan musu ya tashi, kuma haka nake ji duk Asabar. Baba Tela ya ce zai buɗe. Malam ya ce ɗaya ba ta kai arba'in ba. Baba Tela ya ce, “Kai lissafi ya cinye maka zuciya, shi ya sa ɗalibanka ba sa gaishe ka a hanya.” Baba Direba kuwa wurinka yake juyowa. “Kai da ka gan shi a silima, don Allah ka faɗa mana kafin mu mutu.” Sai ka kurɓi shayi ka ce, “Ku jira a sake shi.”

Har yau akwai abin da ban gane ba. Fim yana hannun kamfanin da ya yi shi, ga masu so, me zai hana su buga shi a faifai mutane su kalla a gida? Ɗanka ya duba a waya ya gaji, babu. Duk shekara Malam yana rubuta musu wasiƙa kuna sa hannu. Sau ɗaya suka taɓa amsawa, wai sun gode. Ka sa takardar a gilas ka rataye. Na tambaye ka godiyar me, ka ce kai ma ba ka sani ba, amma dai alama ce akwai mai rai a can.

Da rubutun jikin kasakasan nan ka gyara min karatuna, kana nuna baƙi da tsinken ashana, ba ka taɓa yin tsaki ba. Ranar da na goge na'urar da jiƙaƙƙen tsumma ta yi kwana huɗu ba ta tashi ba, cewa ka yi da abokanka tsufa ne ya kama ta. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti kai ka raka ni da kanka, ka zauna a benci tun safe har azahar da ciwon gwiwarka.

Asabar ɗin ƙarshe sun zo ba ka iya fitowa ba. Suka zauna a falo ba a kunna komai ba, suka tafi. Na kawo maka magani, ka ce in zauna. Abin da ka faɗa min ranar shi ne ya hana ni sakat. Tun da aka yi jana'iza kowannensu ya same ni shi kaɗai. Baba Tela ya ce, “'Yata, bai bar miki komai ba? Ya buɗe, ko?” Malam ya ce in ɗaga masa yatsa ɗaya kawai in bai buɗe ba. Na yi ta sunkuyar da kai. Tsorona kar su ce ka yaudare su, su daina zuwa. Inna ta ce min Asabar ce kaɗai ranar da gidan nan yake da hayaniya.

To iyayena, ga abin da ya ce. Ya je silimar, gaskiya ne. Yana zaune, Ɗan Ƙarfe ya ɗora hannu a ƙofa, sai maƙwabci ya shigo yana kwaɗa masa kira a cikin duhu, wai Inna tana naƙudar 'yarsu ta fari, Yaya Babba. Ya tashi da gudu har ya bar takalmi ɗaya. Baba bai ga ƙarshen ba. A inda kaset ɗinku ya tsaya, nan shi ma ya tsaya.

Ya ce, “Ban taɓa ce musu na ga ƙarshe ba. Cewa na yi na gan shi a silima. Da farko tsokana ce. Daga baya na ga in na faɗa, me zai ƙara kawo su?” Na ce to in sun tambaye ni fa? Ya ce, “Ke kika yi masa azumi, ke za ki sake shi.” Ban gane ba a lokacin, na zaci zafin ciwo ne. Yanzu ma ban tabbata na gane daidai ba. Amma ga shi na saki. In na yi kuskure laifina ne, ba nasa ba.

Baba Tela, Baba Direba, Malam, don Allah ku yafe masa, ku kuma zo ranar Asabar. Zan dafa shayi. Na iya marin na'urar yanzu. Wasiƙar bana tana kan teburinsa, ya sa hannu tun kafin ya kwanta, ya bar wuri huɗu a ƙasa. Na ƙirga ku na ga ku uku ne, sai Inna ta ce na huɗun nawa ne.

Ina yi wa Inna ta'aziyya, da Yaya Babba da ƙannenta, da maigidana, da jikoki, da ku abokansa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara.

Baba, ban san ko an buɗe wa matar nan ba, ashe kai ma ba ka sani ba. Ni dai na zo gidanka ban san kowa ba ka ce a sa min kujera. Allah ya sa in ka isa ƙofar Aljanna kar a bar ka a tsaye. Amin.