Ƙwayar Inna ta zaga unguwa

Kyauta dai sai tsofaffinmu na Kurfai, har maganin likita rabawa suke.

Shekara biyu Inna tana salla a zaune saboda gwiwa. Lokotoro a Filinge ya rubuta mata ƙwayar rage kumburi. Kwana biyar na iske ta tana ruku'u, sai da na yi ƙwalla. Amma kwalin wata guda har ya ƙare.

"Inna, ina sauran?"

"Ɗana, maƙwabta ma gwiwa gare su. In miƙe ni kaɗai suna kallo?"

Allah ya saka wa lokotoro da alheri. Ya sake rubutawa, ya ce in kawo maƙwabtan ya duba su, don ƙwayar tana illata mai gyambon ciki.

Yanzu kwalin yana aljihuna. Ku wa ke riƙe wa naku tsofaffin magani?