Hawa na Biyar, a Watan Janairu

Shekara ashirin da ɗaya na yi a wata shaƙƙa, wato sashen gida a bene, a unguwar Ainu Shams, a hawa na biyar, wanda shi ne na ƙarshe a benen. Daga rufinmu sai sama. Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san halin irin wannan gida idan zafi ya shigo. Siminti ya wuni yana shan rana, da yamma ya amayo muku ita. Ka jingina da bango sai ka janye bayanka. Ruwan famfo ma ba ya hawowa sai ya ga dama. Matata, Allah ya jiƙanta, takan jiƙa zani ta shimfiɗa a ƙasa ta kwanta, kafin la'asar ya bushe ƙayau. A watan Agusta ta rasu. Likita ya ce zuciya ce. Ni dai na san ɗakin da zuciyar ta tsaya.

Bayan an yi arba'in na kasa zama ni kaɗai, na je wurin wani simsar, wato dillalin gidaje. Da ya ji hawa na nawa ne sai ya yi murmushi.

"Ya Hajj, ka jira Janairu," in ji shi. "Hawan ƙarshe da sanyi ake sayar da shi. A lokacin rana ado ce."

Na jira. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na gane abin da nake jira sarai.

Wanda ya zo saye tela ne, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro, yana haya a Hayyin Ashir da matarsa da 'ya'ya mata biyu da tsohuwar mahaifiyarsa. Wansa da ke Saudiyya ne ya taimaka masa ya nemi wurin kansa. A masallaci ya ji labarina. Da hantsi suka zo shi da tsohuwar, tana hawa tana hutawa. Rana ta cika falon, ɗumi mai daɗi, a waje kuwa mutane na ta rawar ɗari. Tsohuwar ta nemi inda hasken ya fi sauka ta zauna, ta miƙe ƙafa. Daidai wurin da matata ke shimfiɗa zaninta ne.

Da Bamisire ne mai sayen, sai ya tsare bawwab, mai gadin benen, da tambaya, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabta, ya murɗa kowane famfo. Telan bai yi ko ɗaya ba. A wurinmu Hausawa abin kunya ne dattijon yarenka ya faɗi magana ka je kana bincike a bayansa. Sau ɗaya ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Baba, da zafi fa, yaya gidan yake?"

"Akwai iska, alhamdu lillahi," na ce.

Tsohuwar ta yi dariya. "Kai ma da neman magana. Mu da muka fito Sudan, wane zafi Masar za ta nuna mana? Yalla, ka gama da bawan Allah, ni na samu wurina."

Na ɓuya a bayan dariyarta. Cikin mako biyu aka sa hannu, na koma wurin 'yata a Madinat Nasr, hawa na biyu, mai na'urar sanyaya ɗaki.

Da zafi ya dawo sai abinci ya daina shiga mini. Ina zaune cikin sanyi ina jin wancan bangon a bayana. Wata ranar Agusta na hau mota na je. Ban kai ga hawa ba. A ƙarƙashin matakala, kusa da ƙofar shiga, na tarar da tsohuwar a kan tabarma, ta rame, numfashinta na fita da ƙyar. Bawwab ya ce tun da safe ɗanta ke goyo ta ya sauko da ita, bayan magariba ya mayar.

Ta gane ni. "Alhaji mai iska," ta ce. "Ko da ita ka ƙaura? Ba ka bar mana ko kaɗan ba."

Na yi dariya, na ce ma'alish, sai haƙuri, bana zafin ya yi yawa ko'ina. Na ajiye mata lemo na tafi. Wannan ya fi na farkon muni, domin ta buɗe mini ƙofa na ƙi shiga.

Ba ta ga ƙarshen Satumba ba.

Bayan sadakar uku na sami telan a shagonsa, na gaya masa komai: maganar simsar, jiran da na yi, da yadda matata ta ƙare. Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin.

"Baba, da ka faɗa, wataƙila da mun saya duk da haka, don ba mu da zaɓi da yawa. Amma da na kai Inna wurin ƙanwata kafin zafi. Ita a hawan ƙasa take zaune."

Na roƙe shi gafara.

"Nawa na yafe, khalas," ya ce. "Na Inna kuwa ba a hannuna yake ba."

Ya miƙo mini shayi, na karɓa, na kasa sha. Shekaru uku ke nan. Na yi wa tsohuwar sadaka, na sa an yi mata sauka, na tambayi ɗaliban addini biyu, kowanne ya ce Allah mai gafara ne. Na yarda. Amma ita ce ta tambaye ni a ƙarƙashin matakalar nan, kuma har yau ban ba ta amsa ba.